Mai aƙidar nihilizim zai iya barin nama don tausayin dabba?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko wanda ya ce rayuwa ba ta da ma'ana zai iya daina cin nama kuma ya daraja rai. Ni a ganina ba su karo, don nihilizim kala-kala ne, wani manufar rayuwa kawai yake musantawa, wani kuma cewa yake babu kyau babu mummuna, to shi ma ba abin da ya hana shi jin tausayi. Tun 1789 Bentham, wani masanin falsafa na Ingila, ya ce abin dubawa shi ne ko dabba tana jin zafi.

In ka bar nama kar ka bar ƙwai da nono, saboda sinadarin bitamin B12 da ke cikinsu, mutane da yawa nan suke kuskure. In kuma tunanin nan ya fara hana ka barci ko ka ji rayuwar ta ishe ka, don Allah ka ga likita.