Ƙwan lantarki mai rage cin wuta: ribarsa da abin da ke biye da ita

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙwan lantarki mai rage cin wuta yana taimakon muhalli da gaske, ko kuwa an gudu ne ba a tsira ba. Na daɗe ina aikin haɗa wuta a gidaje, kuma iri ukun nan, wato tsohon ƙwai da CFL da LED, duk sun bi ta hannuna.

Tsohon ƙwai mai zaren waya a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Shi ya sa ba ya taɓuwa in ya jima a kunne, kuma da ƙyar yake wuce awa 1,000. Hasken da yake bayarwa da wat 60, ƙwan CFL mai murɗaɗɗen gilashi zai bayar da wat 14, LED kuma da wat 9. Ribar a nan ba ta da gardama, musamman inda kwal ake ƙonawa a samar da wutar.

Damuwata tana kan CFL. Akwai zaiba a cikinsa, miligiram kaɗan ne, amma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yara kuma ta fi yi wa illa. Wata rana ina cire wani sai ya suɓuce ya tarwatse, farar hodar ciki ta bazu a ƙasa, ga yaro yana rarrafe a gefe. Wallahi har yau ina tuna faɗuwar gabana. Na fitar da kowa, na buɗe tagogi na kusan minti 15, sannan na kwashe gilashin da kwali, na bi ɓurɓushin da salatif, na rufe a kwalba. Kada ka sa tsintsiya, watsa shi take yi. Wannan zaibar ce ta sa ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, ta rage amfani da zaiba a duniya, suka amince a daina ƙera irin na gida zuwa 2025.

LED ba shi da zaiba, amma ka fasa gindinsa ka gani: 'yan kayan lantarki ne, da alminiyon da roba. In ya mutu, sharar lantarki ya zama, kuma raba kayan cikinsa aiki ne. Mai kyau yakan kai awa 15,000 ko fiye. Marar inganci kuwa zafi ko hawa da saukar wuta kan kashe shi cikin 'yan watanni, ka ga ribar ta tafi bola ke nan.

Akwai kuma halinmu. Tunda ƙwan LED ba ya cin wuta sosai, sai a ƙara yawansu, a bar su kunne har gari ya waye, farin hasken yana ruɗa ƙwari da tsuntsaye.

Ni dai LED mai inganci nake sa wa mutane, kuma ba na kulle shi cikin mazubin da iska ba ta shiga. Matattun CFL kuwa ina tara su a kwali, ba a fashe ba, har in sami masu karɓar sharar lantarki.