Manhaja ta ƙi haɗuwa a CentOS 7: laifin kanel ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wurin aikinmu akwai wata tsohuwar saba mai CentOS 7, wani nau'in tsarin Linux. Na sauko da sabuwar sigar wata manhaja da aka rubuta da C, ina buga make sai ta tsaya cak, ta ce "sys/random.h: No such file or directory". Da na duba uname -r sai na ga 3.10. Abokin aikina ya ce kanel ne ya tsufa, sai an sauya shi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokin naka ya bar jaki yana dukan taiki. Kanel shi ne zuciyar tsarin Linux, kuma 3.10 ɗin da ka gani sigarsa ce. Ko kanel ɗin da ya fito jiya ka ɗora, saƙon nan yana nan daram, domin sys/random.h ba kayan kanel ba ne, na glibc ne, wato laburaren C da ke shiga tsakanin manhaja da kanel.

Abin da manhajar ke nema shi ne getrandom, kiran da ke ba ta lambobin da ba a iya hasashensu. Linux ya samu wannan kira a sigar 3.17 a 2014, amma glibc bai buɗe masa ƙofa ba sai a sigar 2.25 a 2017. Buga ldd --version a sabar taku, za ka ga 2.17. Wani abin dariyar ma, Red Hat, kamfanin da daga tsarinsa ake gina CentOS 7, ta riga ta cusa getrandom cikin 3.10 ɗinta tun daga sigar 7.4 ta tsarin, don haka muddin ana sabunta sabar, kanel ɗin da ake zargi ya iya aikin. Ɗan aiken ne, wato glibc, bai san hanya ba.

Fara da duba ./configure --help, wasu manhajojin suna da maɓallin kashe getrandom. In babu, ka cire layin da ke kiran sys/random.h, ka sa unistd.h da sys/syscall.h, ka kira kanel kai tsaye da syscall(SYS_getrandom, buf, len, 0). Ka kewaye shi da #ifdef SYS_getrandom, sannan ka tanadi mafita: idan ya dawo da -1 kuma errno ya zama ENOSYS, wato kanel bai san kiran ba, manhajar ta buɗe /dev/urandom ta karanta daga can. Wannan mafitar ce mutane ke mantawa, sai abu ya haɗu lafiya a injinsu, ya je ya kife a na wani.

Don Allah kada ka ce za ka sauya glibc na tsarin da hannu. Na ga wanda ya gwada haka da dare ta ssh. Ko ls ta daina amsa masa, sai da safe aka tafi ɗakin saba da filasha. Shi kuma devtoolset, kunshin sababbin kayan haɗa manhaja, sabon GCC (mai haɗa manhajar C) kawai zai ba ka, ba ya taɓa glibc.

Docker, mai tafiyar da manhaja cikin keɓantaccen akwati da ake kira kwantena, na iya fitar da kai, tunda kwantena da nata glibc take zuwa. Sai dai kanel ɗin mai gida take aro, wato 3.10 ɗin nan dai, kuma a nan ne tsufansa kan yi cizo da gaske idan manhajar ta nemi kiran da bai sani ba.

In yum, mai sauko da manhajoji a CentOS, ya ƙi sauko maka da kernel-headers, kunshin da sys/syscall.h ke dogara da shi, ba intanet ɗinku ba ne: an daina kula da CentOS 7 tun 30 ga Yunin 2024, sai ka karkatar da fayilolin /etc/yum.repos.d zuwa vault.centos.org.