Tambaya da Amsa: Zan tafi Kyoto karatun tsara lambuna, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam Anti, barka da ƙoƙari. Na gama digiri a zanen gine-gine, yanzu Allah ya taimake ni na samu gurbin mastas a birnin Kyoto na ƙasar Japan, fannin tsara fili da lambuna, kuma zan isa kafin a fara darasi a watan Afrilu. ƴan gidanmu sai tsokanata suke wai zan ƙetare teku don koyon shukar fulawa. Ni dai tambayata biyu ce, me zan fara gani a garin kafin a shiga aji, sannan an ce min manyan lambunan duk a cikin gidajen bautar Buda suke, to ni ya zan yi da wannan? Daga ƙanwarki, H.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Masu cewa shukar fulawa ki ƙyale su, fulawa ita ce ƙaramar aba a wannan karatun. Abin da za a koya miki shi ne ina ruwan sama zai bi idan ya sauka, wace ƙasa ce ke riƙe wace bishiya, ina inuwa za ta faɗi da la'asar, ta ina mutum dubu za su wuce ba tare da sun turmushe juna ba.

Kuma wannan na ƙarshen ne ya sa zan ce miki ki fara da tashar jirgin ƙasa, wadda dama nan za ki sauka in kin hau jirgin Haruka daga filin jirgin sama na Kansai. Kar ki ja akwati ki fice da sauri. Ginin na yanzu an buɗe shi a 1997, Hiroshi Hara ne ya zana shi, ƙarfe da gilashi, tsawonsa ya kai mita 470, kuma an sha rigima kafin a gina shi don mutanen gari da dama suna ganin ƙaton gini irin wannan bai dace da birnin da ya zauna fadar sarki na sama da shekara dubu tun daga 794 ba. Akwai wata babbar matakala a ciki mai taki 171, ki hau har rufin sama inda aka yi ɗan lambu, ki duba garin daga can. Za ki ga duwatsu sun kewaye shi ta ɓangare uku, titunan kuma a miƙe suna gilma juna, kuma galibin gine-ginen gajeru ne, wannan ba haka kawai ba ne, doka ce, a 2007 ma an ƙara matse ta har iyakar tsayi a tsakiyar gari ta koma mita 31. In kin fahimci dalilin da ya sa gari zai hana kansa dogayen benaye don kar a tare wa mutane ganin dutse, to wallahi kin fara karatun tun ba a kira sunanki a aji ba.

Daga tashar ki taka da ƙafa zuwa gidan bautar Buda na Toji, ba nisa, ki ga hasumiyar katako mai hawa biyar da ta kusa mita 55. Amma inda nake so ki ɓata lokaci sosai shi ne lambun gidan bautar Ryoanji. Fili ne ɗan ƙarami, wajen mita 25 ne tsawonsa, babu bishiya babu ruwa, farar tsakuwa ce kawai da aka ja da manjagara sai duwatsu 15 a rukuni biyar da ɗan gansakuka a gindinsu, kuma duk inda kika zauna a barandar ba za ki ga duka 15 ɗin lokaci guda ba. Ki je da sassafe kafin motocin ƴan yawon buɗe ido su iso, ki ajiye waya, ki ɗauki fensir ki zana, ki auna tazarar da ido, ki lura da katangar baya da yadda ta rufe filin. Hoto ba ya koya wa hannu komai. Sai gidan bautar Tenryuji a unguwar Arashiyama, lambun da wani malamin addinin Buda, Muso Soseki, ya tsara a ƙarni na 14, can za ki ga dabarar aron dutsen da ke nesa a mayar da shi kamar wani ɓangare na lambun alhali ba a mallake shi ba. Gidan bautar Kinkakuji mai ruwan zinare kuwa ki je sau ɗaya don kar a ce ba ki je ba, cunkoso ne, ginin ma na 1955 ne bayan gobarar 1950. Shiga lambun Saihoji mai gansakuka kuma sai an nemi izini tun kafin ranar.

Batun gidajen bauta, ni ba malama ba ce, fatawa ki nema wurin malamin da kika yarda da shi kafin ki tafi. Yadda abin yake a can dai shi ne, ana yankar tikiti a ƙofa, a cire takalmi in za a hau dandamalin katako, babu mai tilasta miki rusunawa ko kunna turare, ɗalibai da baƙi na kowane addini suna shiga su kalli lambu su fita. In kin ga ana ibada a wani ɗaki sai ki wuce a natse ki bar musu wurinsu.

Af, ki fara koyon Japananci tun yanzu ko da darasinki da Turanci ne, don tsofaffin masu gyaran lambun da ke datse rassan bishiya da hannu su ne suka san sirrin aikin, kuma yawancinsu ba za su yi miki Turanci ba. Ki kuma sayi takalmi mai sauƙin cirewa da safa mai kauri, katakon barandar nan akwai sanyi a ƙarshen Maris.