Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Lissafin Ƙari da Lissafin Ninki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina son tara kuɗin sayen waya. A watan farko zan ajiye naira 5,000, sannan kowane wata in ƙara naira 1,000 a kan abin da na ajiye a watan da ya gabata. Yaya zan sa manhajar Excel ta nuna mini abin da zan tara a shekara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tsarin da ka zayyana shi ne jerin lambobi mai tazara ɗaya, wato kowace lamba tana ɗara wadda ta gabace ta da adadin da ba ya canzawa. Ka rubuta 5000 a akwatin A1, ka rubuta =A1+1000 a akwatin A2, sannan ka kama ɗan ɗigon da ke kusurwar ƙasa ta dama ka ja shi har zuwa A12, inda za ka ga 16,000. A akwatin A13 ka rubuta =SUM(A1:A12), jimilla za ta fito naira 126,000. Manhajar Google Sheets ta waya ma tana karɓar waɗannan umarni. Idan kana son tabbatarwa da ka, haɗa ajiyar watan farko da ta watan ƙarshe, wato 21,000, ka ninka sau 12, ka raba biyu.

Tambaya: Malam, ni 'yar kasuwa ce a Kano. An turo mini wata manhaja da ke alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata, ana ɗora ribar a kan uwar kuɗi. Ƙawata ta riga ta karɓi ta watan farko. Shin abin zai ɗore?

Amsa: Hajiya, hukuncin irin wannan riba a shari'a na bar wa malamai, ni lissafin kawai zan baje miki. Kuɗin da ɗalibin da ya yi tambayar farko ke ajiyewa kowane wata ƙaruwa suke yi da adadi ɗaya, naki kuwa ninkuwa aka ce za su riƙa yi, domin kowane wata za a ninka abin da ke hannu sau 1.3. Wannan shi ne jeri mai ninki, kuma hatsarinsa shi ne a farko bai cika bambanta da na ƙari ba. Naira 10,000 za ta zama 13,000 a watan farko, ta zama 16,900 a na biyu, adadin da ba zai ɗaga wa kowa hankali ba. Amma ki rubuta 10000 a A1 da =A1*1.3 a A2, ki ja ƙasa ki ga inda abin ya dosa: bayan shekara ɗaya kusan naira 233,000, bayan shekara biyu fiye da miliyan 5, bayan uku fiye da miliyan 126, bayan biyar kuwa fiye da biliyan 68, duk daga naira 10,000 ta mutum guda.

Babu sana'ar da ke haifar da wannan, ko ta hatsi ce ko ta man fetur. Abin da yawanci ke faruwa shi ne ana biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi, saboda haka dole yawan sababbin ma ya riƙa ninkuwa, alhali mutanen da za a iya jawowa suna da iyaka. Ranar da sababbi suka gaza, biya ya tsaya. Haka aka gani da tsarin MMM, wanda shi ma kashi 30 cikin ɗari a wata ya alƙawarta, ya kuma rufe asusun 'yan Najeriya a watan Disamba na 2016. Kuɗin da ƙawarki ta karɓa ba shaidar ɗorewa ba ne, domin biyan farko shi ne tallar da ke kawo na baya. A ganina kada ki saka ko sisi, kuma kada ki ba manhajar izinin shiga lambobin wayarki.

Akwai wani tarko a Excel da ya kamata a sani a nan. Idan aka rubuta 2 da 4 aka ja ƙasa, manhajar za ta ci gaba da 6 da 8, domin ƙari take zato. Mai son 8 da 16 sai ya shiga Fill, ya zaɓi Series, ya danna Growth, ya sa 2 a matsayin adadin ninki.

Tambaya: Me ya sa WhatsApp ke hana ni tura saƙo ga mutane fiye da biyar a lokaci ɗaya?

Amsa: Kamfanin ya kafa wannan iyaka a duk duniya a watan Janairu na 2019 don rage yaɗuwar jita-jita, kuma a Afrilun 2020 ya ƙara tsauri, ta yadda saƙon da aka riga aka tura sau da yawa sai ga hira ɗaya kacal za a iya miƙa shi a lokaci guda. Dalilin yana cikin ninki. Idan kowa ya tura wa mutum biyar, zagayen farko mutum 5 ne, na biyu 25, na uku 125, na goma kuwa 9,765,625. Idan aka mai da adadin ninkin ɗaya, kowane zagaye mutum ɗaya kawai yake ƙarawa, jerin ya koma na ƙari. Sai dai wannan lissafi hoto ne na farkon yaɗuwa kawai, domin a zahiri wasu ba sa turawa, wasu kuma saƙon yana iske su sau uku daga dangi ɗaya, don haka bayan wani lokaci gudun yana raguwa.

Tambaya: Shin lambar sirri mai lamba shida ta fi mai huɗu da wani abin kirki? Ai biyu kawai aka ƙara.

Amsa: Kowace lamba da aka ƙara tana ninka yawan haɗin da ɓarawo zai gwada sau goma. Mai huɗu tana da haɗi 10,000, mai shida tana da 1,000,000, wato ninki ɗari. Sharaɗin dai kada ta zama 123456 ko ranar haihuwarka, domin da su ake fara gwaji.