Ƙullin saƙata ba ya tasowa, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, ina saƙar kwarashi a gida. Na fara bargon jariri da saƙa mai ƙulli-ƙulli da ake kira bobul, amma ƙullin ba ya tasowa, wani ma sai ya koma ta baya. Ga bargon yana ta ƙara faɗi, ulu kuma na ƙarewa da wuri. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Matsalar ƙullin da ta faɗin duk gyaran hannu ne, cin ulu kuwa halin wannan saƙar ne.

Bobul dabul ne, wato doguwar saƙa, guda 5 da ake tarawa a rami ɗaya ba tare da an ƙarasa ko ɗaya ba. Ki naɗa zare a kwarashi, ki soka, ki jawo, ki sake naɗawa ki fitar ta madauki 2 kaɗai, ki tsaya. Idan kin yi haka sau 5 a ramin nan, za ki ga madauki 6 a kan kwarashi. Sai ki naɗa sau ɗaya ki ja ta cikinsu gaba ɗaya. Yawancin masu saƙa sun iya wannan, inda ake samun tangarɗa shi ne abin da ke biyo baya. Maƙwabcin ƙulli ne yake tayar da shi. Dole saƙar da ke gabansa da wadda ke bayansa su zama gajeru, wato singul, kuma ki ɗaure ta bayan sosai. Dabul ya fi singul tsawo, to idan aka matse shi tsakanin gajeru biyu ba shi da wurin miƙewa, sai ya kumbura. Idan kuwa dabul kika sa a gefensa, zai kwanta shafe-shafe. Wannan ma saƙa ce mai kyau, ana yin ta a bakin gyale da mayafi, amma ba ita kike nema ba.

Na biyu, bobul yana kumbura ne ta ɓangaren da ba ya fuskantarki. Saboda haka a layin da bayan aikin ke kallonki ake yin sa, layin dawowa kuma singul zalla. Ina kyautata zaton kina yin sa a kowane layi, shi ya sa wani ke gaba wani ke baya. Wanda ya ƙi fita, ki tura shi da ɗan yatsa kafin ki wuce.

Ki kuma lura da wanda kike bi a YouTube. Abin da 'yan Amurka ke kira dabul, 'yan Ingila tirebul suke ce masa, dabul ɗin Ingila kuwa shi ne singul ɗin Amurka. Idan aka haɗa lissafin biyu, ƙullin fitowa yake ɗan mitsitsi.

Faɗin da bargon ke ƙarawa, galibi daga sarƙar da wasu ke rufe ƙulli da ita ne, wato ƙarin madauki ɗaya da suke ja bayan sun gama ƙullin. In kin dawo kika soka a sarƙar kuma kika soka a kan ƙullin, kin ƙara ɗaya ke nan a kowane ƙulli. Ki zaɓi ɗaya, ki riƙa ƙirgawa: in da 80 kika fara, kowane layi ya ƙare da 80.

Idan kina son ƙulli mai tsayawa da ƙafarsa, ki gwada gugguru. Shi ana ƙarasa dabul 5 ɗin duka, a zare kwarashi, a soka shi a kan na farko daga gaba, a kamo madaukin da aka sake a jawo. Akwai kuma fof mai laushi, wanda dogayen madaukai ne kawai, amma ba na son sa a kayan jarirai domin yatsunsu na maƙalewa a ciki.

Batun ulu, kowane ƙulli yana cin zaren dabul 5 a gurbin saƙa ɗaya, don haka ki sayi isasshe lokaci guda. In kin shiga kasuwar Balogun ko ta Yaba, ki duba lambar rini a jikin takardar ulun, ta zama iri ɗaya, domin launi ɗaya yakan bambanta daga rini zuwa rini. Ni dai da za ki ji tawa, ki bar ulun roba ki ɗauki zaren auduga mai launi mai haske. Zafin Legas da gumin da ke cikinsa ba su dace da bargo mai kauri cike da ƙulli ba, kuma audugar ta fi fito da siffar ƙullin, alhali baƙin zare ɓoye shi yake yi. Ki ba da tazarar singul 3 zuwa 5 tsakanin ƙulli da ƙulli, bargon zai fi sauƙi ya kuma bushe da wuri a damina. In ulun roba kika riga kika saya, kada dutsen guga ya taɓa shi, yana kwantar da ƙullin har abada.

Kafin ki warware wanda kika fara, ki saƙa ɗan gwaji na saƙa 20 da kwarashi mai milimita 4, layi 8, ki ga yadda ya fito. In ƙullin ya yi sako-sako, ki sauko zuwa milimita 3.5.