Tambayoyin Masu Karatu: Wace Kyamara Zan Saya Hotunana Su Fita Daban?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoto da wayata a wuraren biki da taro, har na tara ɗan abin da zan sayi kyamara da shi. Abokaina sun nace sai na sayi mai babban sensa (wato farantin cikin kyamara da ke karɓar haske ya zama hoto), ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne hotunana kamar na kowa suke, babu wanda zai gani ya ce wannan aikin wane ne. Wace kyamara ce za ta raba ni da wannan matsala? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka ɗaure wuri guda, ta kyamara da ta salo, kuma ta salon ce ya kamata ta zo farko, domin kyamara ba ta ba mutum salo. Abin da ya zaɓa ya dinga kallo da kuma yawan komawarsa gare shi su ne ke ba shi.

Ka dubi J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto na Nijeriya da ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya ɗauki kitson mata a matsayin aikinsa, yana ɗaukar yawancin hotunan daga ƙeya ko daga gefe, da bango fili wanda babu abin da zai janye ido a jikinsa, har ya tara kusan hotuna 1,000. Haka Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948 da kayan aikin da ba su kai na ƙaramin ɗalibin yau ba: hasken rana a tsakar gida da zane mai ado da ya rataya a bayan mutane, shi ke nan. Duk wanda ya san aikin waɗannan mutane biyu zai gane shi tun daga nesa, kuma ba sunan kyamararsu ne ya sa ba.

Saboda haka kafin ka kai kuɗinka kasuwa, ka zauna da hotunan da ke cikin wayarka, ka ware guda 20 da suka fi kwanta maka a rai, ka tambayi kanka abin da ya haɗa su. Wataƙila ka tarar fuskokin tsofaffi ne, ko hannayen masu sana'a, ko ƙofofi da katangun ƙasa irin na cikin birnin Zazzau. Abin da ka gano shi ne zai faɗa maka kayan da kake buƙata.

Idan mutane ne abin da ka fi so, kyamara ta hannu (wadda wani ya taɓa amfani da ita) mai matsakaicin sensa, irin wanda ake kira APS-C, ta wadatar da kai. Babban sensa yana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, ya fi jure ƙarancin haske, amma shi da gilasansa, wato idanun da ake ɗaura wa kyamara a gaba, sun fi tsada da nauyi, kuma a hoton da za a duba a fuskar waya ko a wanke a saka a albam, da wuya wani ya ga bambancin. Kyamarori masu matsakaicin sensa irin su Nikon D3500 da Canon 2000D suna da megapiksel 24, wato ɗigo miliyan 24 a kowane hoto, wanda ya isa a buga babban hoton bango. Abin da ya rage na kuɗin ka sa shi a gilashi mai milimita 50 da buɗin f/1.8 (ma'aunin faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikinta), wanda yana cikin mafi arha a wajen kamfanonin biyu. A kan matsakaicin sensa yakan yi aiki kamar mai milimita 75 ko 80, tsayin da ya dace da hoton fuska, ya fito da mutum sarai, ya narkar da abin da ke bayansa. Idan ɗakin amarya ne mai ƙunci, mai milimita 35 ya fi. Tunda gilashin ba ya jawo abu kusa, dole ƙafarka ta yi aikin, kuma a ganina wannan takurar ce ke koya wa ido inda ya kamata ya tsaya.

Hawan Sallah lamarinsa daban ne. Dokin da aka sako a guje don jafi ba ya jiran kowa, sai da gilashi mai jawowa kamar mai milimita 70 zuwa 300 da saurin ɗauka na kusan kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Wannan ka ara ko ka yi haya, tunda sau biyu ne a shekara.

Akwai wani abu da sababbin shiga ke ɗora wa kyamara laifinsa alhali nasu ne. Ango ya sha farar shadda ya tsaya a rana tsaka, kyamara ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskarsa ta fito baƙi ƙirin, aikin wuyan rigar kuma bai fito ba. Ka ja shi inuwar zaure ko ƙarƙashin bishiya, ka auna hasken a kan fuskarsa, ko ka jira bayan la'asar lokacin da rana ta yi sanyi.

Wajen sayen ta hannu, ka nemi a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka haska tocila cikin gilashin ka duba ko akwai tsagewa ko fumfuna, sannan ka ɗauki hoton farar takarda da buɗin f/16, duk ƙurar da ke kan sensa za ta bayyana ɗigo-ɗigo. Ka haɗa da batir na biyu saboda halin wutar lantarki, da katin ajiya biyu maimakon babba guda ɗaya. Idan hunturu ya shigo, kada ka cire gilashi a fili. Ka shiga ɗaki ko mota, ka juya bakin kyamarar ƙasa, sannan ka sauya.