Tambayoyin Masu Karatu: Ƙishirwa a Bakin Kogi a Ƙasar Nuer da Dinka

Wani malamin makaranta daga Gusau ya rubuto: Assalamu alaikum. Ina yawan ji a rediyo cewa mutanen Sudan ta Kudu suna fama da rashin ruwa, har mata da 'yan mata sukan yini a hanya saboda abin da za a sha. Amma da na duba taswira sai na ga Kogin Nilu ya ratsa ƙasar daga kudu har arewa, kuma sau da yawa labarin ambaliya ake bayarwa daga can. Yaya ƙasa ɗaya za ta haɗa ƙishirwa da ambaliya?

Wa'alaikumus salam, Malam. Taswirarka gaskiya ta faɗa maka, rediyon ma haka, domin halin da ake ciki shi ne wanda Hausawa suke kira ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Dinka, waɗanda suke kiran kansu Jieng, su ne ƙabila mafi yawa a ƙasar, sai Nuer, masu kiran kansu Naath, suke biye da su. Dukansu makiyaya ne da suke zaune a wani shimfiɗaɗɗen fili mai baƙar laka, wanda Farin Nilu yake shigowa cikinsa ya bazu ya zama fadama mai faɗin gaske da ake kira Sudd. Kalmar Larabci ce mai ma'anar shinge, wadda almajirai suka sani a ƙissar Zulƙarnaini, kuma an raɗa wa wurin sunan ne saboda yadda ciyayinsa suke tare jiragen ruwa. Kimanin rabin ruwan da yake shiga wannan fadama ba ya fita ta ɗaya ɓangaren, rana ce take shanye shi.

Daga watan Mayu zuwa Oktoba ana sheƙa ruwa, lakar ba ta tsotsewa, filin ya zama tafki, hanyoyi su yanke, mutane su tattara a kan 'yan tudun da suka gina ƙauyukansu suna noman dawa. Da zarar ruwa ya ɗauke, kafin a kai watan Janairu kududdufai sun fara ƙafewa, ƙasar ta tsattsage kamar faskararren kaushi, ƙauyen da aka shiga da kwalekwale a watan Agusta sai ya rasa ruwan da za a jiƙa maƙoshi a watan Maris. Mafitar da suka gada tana kama da cin rani: samari su kora shanu zuwa dausayin bakin kogi, wanda suke kira toic, su kafa ruga a can, su sha madara su kama kifi har damina ta dawo. Waɗanda aka bari a gida, wato tsofaffi da masu goyo, su ne suke shan wahalar da ka ji a rediyo, kuma ɗibar ruwa aikin mata ne da 'yan mata, abin da yake hana da yawansu zaman aji. Rijiyoyin burtsatse kaɗan ne, waɗanda ake da su kuma idan famfon tuƙa-tuƙa ya lalace sai ya yi watanni babu mai gyara, saboda kayan gyaran daga nesa suke zuwa a kan hanyar da rabin shekara mota ba ta binta.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan tsari na tafiya dausayi yana buƙatar abu ɗaya kafin komai, wato amincin hanya. Kowace mashaya da masu ita, baƙo kuma sai ya nemi izini. Mutanen Lou, wani reshe na Nuer a jihar Jonglei, tsakiyar ƙasarsu ba ta da kogin da yake kaiwa ƙarshen rani, saboda haka dole ne kowace shekara su nufi Kogin Sobat, ko dausayin Dinka, ko wajen ƙabilar Murle. Idan ana zaman lafiya dattawa suna shirya wannan da baki, idan kuwa babu, sai kowa ya tafi mashaya da bindiga.

Gwamnatoci ma sun sa wa ruwan ido. A shekarar 1978 Sudan da Masar suka fara haƙa Magudanar Jonglei, mai tsawon kimanin kilomita 360, domin a karkatar da ruwa ya kauce wa fadamar ya isa gonakin arewa. Makiyaya sun ga cewa dausayinsu ne zai ragu, ramin kuma zai datse burtalin shanu da na namun daji. An haƙa wajen kilomita 240 kafin 'yan tawayen kudancin Sudan na ƙungiyar SPLA su dakatar da aikin a 1984, kuma ƙatuwar na'urar haƙar tana nan yashe a daji ta yi tsatsa. Abin sha'awa, shugaban 'yan tawayen, John Garang, a kan raya yankin Jonglei ya rubuta kundin digirinsa na uku a Amurka.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Maraɗi ta tambaya: Shin rigimar Nuer da Dinka irin ta mashaya da satar shanu ce wadda aka gada kaka da kakanni, ko kuwa akwai wani abu a ƙarƙashinta?

Malama, faɗan mashaya da korar shanu tsoho ne, ba zan ɓoye miki ba, amma wanda ya ce shi ne ya haifar da yaƙin da ya cinye dubban ɗaruruwan rayuka ya sauƙaƙa wa 'yan siyasa laifinsu. Waɗannan ƙabilu biyu harsunansu 'yan uwan juna ne, suna auratayya, kuma a ƙarni na 19, lokacin da Nuer suka bazu gabas, sun haɗiye Dinka masu yawa, har ta kai dangogin Nuer da dama sun san cewa kakansu Dinka ne. Faɗan da, da mashi ake yinsa, kuma yana da ƙa'ida: ba a taɓa mata da yara da tsofaffi, wanda ya kashe rai kuma sai an tsarkake shi an biya diyya da shanu, daga 30 zuwa 50 gwargwadon yanki. Nuer suna da limamin ƙasa mai yafa fatar damisa, Dinka suna da masu mashin alfarma, kuma aikinsu ke nan, raba gardama da kashe wutar gaba. Haka nan faɗan ruwa bai san ƙabila ba, domin a farkon shekarun 1990 Lou da Jikany, dukansu Nuer, sun gwabza a kan mashayar Sobat har sai da aka yi taron sulhu a Akobo a 1994, kuma rassan Dinka suna kashe juna a kan kiwo a jihohin Warrap da Lakes.

Abin da ya sauya lamarin shi ne yaƙin basasa na biyu da gwamnatin Khartum, daga 1983 zuwa 2005, wanda aka ƙiyasta ya ci rayuka miliyan 2. Da farko Dinka da Nuer tuta ɗaya suka riƙe. A watan Agustan 1991 Riek Machar, wanda Nuer ne, da Lam Akol, ɗan ƙabilar Shilluk, suka yi shelar tuɓe Garang daga garin Nasir, kuma rikicin shugabanci ya rikiɗe ya zama na ƙabila. A watan Nuwamba na shekarar mayaƙan ɓangaren Nasir da samarin ruga suka afka wa Bor, yankin su Garang, suka kashe fararen hula kimanin 2,000, suka kore shanu ba adadi, sojojin Garang kuma suka rama a ƙauyukan Nuer. Gwamnatin Khartum ta ji daɗin wannan ɓaraka, ta riƙa ba wasu ɓangarori makamai. Nijeriya ta karɓi baƙuncin tattaunawar sulhu a Abuja a 1992 da 1993, amma ba a dace ba. Sulhun da ya yi tasiri a karkara shi ne na Wunlit a 1999, wanda majalisar majami'u ta shirya, inda sarakunan gargajiya na Dinka da Nuer na yammacin Nilu suka yanka farin bijimi, suka amince a buɗe wa juna makiyaya da mashaya, a kuma mayar da mata da yaran da aka kwashe.

Ƙasar ta sami 'yancin kai daga Sudan ran 9 ga Yulin 2011. A Yulin 2013 Shugaba Salva Kiir, wanda Dinka ne, ya sallami mataimakinsa Machar, kuma ran 15 ga Disamba faɗa ya ɓarke a barikin dogarawan shugaban ƙasa a Juba. A kwanakin da suka biyo baya an bi gida gida ana kashe Nuer, ana gane su da harshe ko da tsagar goshi, sannan ramuwa ta biyo baya a Bor da Malakal da Bentiu, inda a watan Afrilun 2014 aka kashe mutanen da suka fake a masallaci da asibiti da majami'a. Kwamitin binciken Tarayyar Afirka, wanda Cif Olusegun Obasanjo ya jagoranta, ya samu ɓangarorin biyu da aikata ta'asa. Wani nazari na masana kiwon lafiya a Landan ya ƙiyasta cewa yaƙin ya jawo mutuwar kusan mutum 400,000 zuwa 2018, shekarar da aka sake sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya. Ita ma ba ta zauna da gindinta ba, domin a watan Maris na 2025, bayan wani artabu a Nasir, an yi wa Machar ɗaurin talala a gidansa.

Wani ɗalibi daga Kano ya ce: Ina waɗanda suka gudu suka nufa, kuma yaya rayuwarsu take a can?

Gudun hijirar iri biyu ce, kuma tsakaninsu akwai shekaru wajen talatin. Daga 1987 yara maza fiye da 20,000, yawancinsu Dinka da Nuer, suka taka da ƙafa zuwa Habasha. Da yawa sun tsira daga harin da aka kai ƙauyukansu ne saboda suna daji wajen kiwo, wasu kuma 'yan tawaye ne suka tattara su da alkawarin makaranta alhali soja ake so a mayar da su. Ƙishirwa da yunwa da namun daji sun ci rabonsu a hanya. Da gwamnatin Mengistu ta Habasha ta faɗi a 1991 aka kore su, suka tsallaka Kogin Gilo yana cike, wasu ruwa ya tafi da su, wasu harsashi ya same su, waɗanda suka rage suka isa Kakuma a arewa maso yammacin Kenya a 1992. Wajen 2001 Amurka ta ɗauki kimanin 3,800 daga cikinsu, kuma 'yan matan da ke ciki ba su kai 100 ba, saboda su an raba su ga iyalai riƙo, masu riƙon kuma sadakinsu suke jira.

Yaƙin 2013 ya fitar da fiye da mutum miliyan 2 zuwa Yuganda da Sudan da Habasha da Kenya da Kwango, mafi yawansu mata da yara. Nuer sun fi yawa a sansanonin Gambela a Habasha, inda suke da dangi tun asali, Dinka kuma da yawa suna gundumar Adjumani a Yuganda, ƙasar da take yanka wa ɗan gudun hijira ɗan fili ya yi bukka ya noma. Ma'aunin ƙungiyoyin agaji shi ne kowane mutum ya sami aƙalla lita 15 a yini lokacin gaggawa, amma idan mutane suka kwararo sai an koma jigila da tankoki, jarkoki su yi layi tun asuba, kuma a bakin famfo ne rigima da 'yan gari take yawan tashi. Abin da ya fi ci wa dattawa rai shi ne rashin shanu, domin da saniya ake aure, da ita ake biyan diyya, saurayi ma da launin bijiminsa ake yi masa laƙabi yana yi masa waƙa.

Waɗanda ba su ƙetare iyaka ba sun fake a harabar sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sansanin Bentiu ya tara fiye da mutum 100,000, kuma ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin ambaliyar da aka yi shekara huɗu a jere daga 2019 ta mayar da shi tsibiri, ganuwar ƙasa ce kaɗai tsakaninsa da ruwan. Ruwan da ya kewaye su ya gauraya da masai da mushen dabbobi, ciwon hanta mai bin gurɓataccen ruwa ya yi ta kama masu juna biyu, mata kuma suna shiga ruwa har ƙirji suna tsinko bado su shanya su daka a yi tuwo. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan waɗanda suka fake can suka juyo ta garin Renk, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma a garin ne aka ba da sanarwar ɓullar kwalara a Oktoban 2024.

Wani dattijo daga Tamale ya tambaya: Da gaske ne an taɓa tsagaita wuta a can saboda kurkunu?

Da gaske ne, Baba. A 1995 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya shawo kan gwamnatin Khartum da 'yan tawaye suka ajiye makamai na wasu watanni, domin ma'aikatan lafiya su shiga ƙauyuka su raba matatan ruwa su kuma yi wa yara rigakafi. Kurkunu a ruwan kududdufi ake shansa, irin wanda makiyayi ba shi da zaɓi sai shi a tsakiyar rani, saboda haka daga baya aka ƙirƙiro musu wani ɗan bututu mai mataci a baki, wanda suke ratayawa a wuya su zuƙi ruwa da shi duk inda ƙishirwa ta kama su. A 2006 an ƙirga masu cutar fiye da 20,000 a kudancin Sudan, amma a 'yan shekarun nan an koma ƙirga su da yatsun hannu. An tabbatar da Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar a 2013, Ghana kuma a 2015, Sudan ta Kudu kuwa tana cikin ƙasashe ƙalilan da har yanzu suke jiran wannan shaida.